INA ZA MU IN MUN GAMA?

Malam Edita, muna roƙo ka ba mu ɗan fili a shafin Hausa na wannan mujalla tamu, mu faɗi wata magana da ta daɗe tana cin ranmu. Mu ne 'yan arewacin Zamfara da Allah ya nufa da karatun likita, waɗansu daga Ɗan Isa da sauran ƙasar Kaura Namoda, waɗansu daga Shinkafi, waɗansu kuwa daga Zurmi. Ba mu da yawa, in mun taru tabarma biyu ta ishe mu. Amma maganar ta shafi duk ɗan makarantan da ya fito daga ƙauye, ta kuma shafi malamanmu da su ke ɗawainiya da mu dare da rana.

Ga asalin maganar. Da hutun da ya wuce ɗayanmu ya tafi gida Ɗan Isa, yana aji uku. Kun dai san halin mutanenmu, tun ran da aka ji ka sami shiga makarantar likita ka rabu da sunan da ubanka ya raɗa maka, ka koma Likita. Bai kwana biyu ba sai ga wata tsohuwa, ƙanwar kakarsa, ta shigo da jikanta a goye. Yaro ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, gashin kai ya yi ja yana zuba. Ta ce, "Likita, ga ƙanenka, duba mana shi." Abokin namu ya san sunan kowane ƙashi da kowace jijiya da ke jikin yaron nan, gama bai daɗe da cin jarrabawarsu ba, amma bai taɓa riƙe mai tamowa da hannunsa ba. Iyakar abin da ya iya shi ne ya ce a yi maza a kai shi asibitin Kaura, ya kuwa yi daidai. Da za ta fita sai ta juyo ta ce, "To, maigidan, in ka gama nan za ka zauna ka riƙa duba mu, ko kuwa kai ma can za ka inda sauran su ke zuwa?" Ya ce, "Kaka, sai abin da Allah ya yi." Ta ce, "Haka ne. Amma ai Allah bai hana bawa niyya ba."

Da ya komo ya ba mu labari muka yi ta dariya, can sai dariya ta ƙare, kowa ya yi jugum. Gama tambayar tsohuwar nan ita ce mu ke kauce wa kullum, muna cewa sai mun gama tukuna. Mun yi makonni muna tattauna ta, ga abin da muka tsaya a kai. Niyyar inda mutum zai yi aiki tun yana makaranta a ke ƙulla ta, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ya kamata mu 'yan ƙasar nan mu ƙulla niyyar ba ta shekarun farko na aikinmu, mu shirya wa wannan tun yanzu, mu kuma tafi a ƙungiya. Hukuma kuwa ta yi nata, gama in ba ta yi ba niyyarmu ba ta kai mu ko'ina.

TSAWON HANYA

Kowa a nan ya san tsawon hanyar, amma bari mu ƙidaya ta, domin a ga yawan abin da aka kashe a kanmu. Shekara shida ce in babu tuntuɓe. Ta farko ta tafi wajen kimiyya. Sa'an nan a shiga ilmin sassan jiki, da na yadda gaɓoɓi su ke aiki, da na sinadaran jiki, har a kai ga babbar jarrabawar nan da ta ke raba abokai da abokai. Wanda ya tsallake ya shiga ilmin cututtuka da na magunguna, kana ya sa farar riga ya bi manya zagayen majiyyata, ya koyi ciwon yara, da haihuwa, da ciwon manya, da fiɗa, da kiwon lafiyar jama'a. In ya ci ta ƙarshe Majalisar Likitoci ta ba shi lasin na wucin gadi, ya yi wata 12 yana sanin makamar aiki, wata uku uku a sashe huɗu. Bayan wannan ga shekarar bautar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973. Takwas ke nan. Mai son ƙwarewa a fanni ɗaya kuwa sai ya ƙara huɗu zuwa shida, ko fiye. Ba mu kuma sa yajin aikin malaman jami'o'i a lissafi ba, wanda ya ci wata tara a 2020, ya kuma ci wata takwas a 2022.

Zaman makarantar kuma kun san shi. Ranar farko a ɗakin gawa, da warin maganin da ya ke sa ido hawaye, da addu'ar da kowa ya yi a ransa kafin ya ɗauki wuƙa. Karatun dare da fitilar waya in wuta ta ɗauke. Garin kwaki da ƙuli in wata ya yi nisa. Wannan duk mun yi tarayya da kowa a ciki. Amma akwai wani kaya da mu 'yan arewacin Zamfara mu ke ɗauke da shi, wanda abokanmu ba su gani. Kuɗin rajistarmu ba daga albashi ya ke fitowa ba, rago ne aka sayar, ko buhun gero da wake, daga gonar da wata shekara a noma ta, wata shekara 'yan bindiga su hana. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara, muka yi makonni muna karatu ba mu san ko na gida suna da rai ba. A watan Yuli na 2024 'yan bindiga suka shiga Ɗan Isa kanta suka kwashi mutane. Ko farar rigar ba ta tsare kowa a hanya ba, gama a watan Agusta na shekarar nan ta 2024 aka sace ɗaliban likita 20 na jami'o'in Jos da Maiduguri a Jihar Binuwai suna kan hanyar zuwa taro, Allah ya sa aka kuɓutar da su. To, mutanen da ke cikin wannan hali su ne su ke tsakurowa daga bakinsu su aiko mana. Wanda ya ce babu bashi a kansa bai yi lissafi da kyau ba.

Sa'an nan mu tuna kujerar da mu ke kai sabuwa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga, a lokacin kuwa duk faɗin Arewa babu ɗan ƙasa ko ɗaya da ya zama likitan zamani. Wanda ya fara, Dakta Barau Dikko na Wusasa, an haife shi a 1912, sai da ya tafi Birmingham ta ƙasar Ingila ya yi karatun. Makarantar likita ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sai 1967 aka buɗe ta, jami'ar Sakkwato kuwa sai 1975 aka kafa ta. Ko da ya ke haka ne, kada wani ya ce neman ilmin magani baƙon abu ne gare mu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir, a nan Zamfara kuma an yi Malam Muhammadu Tukur na Matuzgi, almajirin Shehu, wanda ya shahara da wannan fanni. Imamu Gazali ya sa likitanci cikin farillan kifaya, watau in babu mai tsayawa da shi a gari, laifin ya hau kan kowa. Mu dubi wannan hukunci da kyau, gama a gari aka ce, ba a ce a duniya ba.

HANYOYI HUƊU

Wanda ya gama, hanya huɗu ce a gabansa. Ta ɗaya, ya nemi gurbi a babban asibitin koyarwa, Sakkwato ko Shika ko Kano, ya bi matakan ƙwarewa har ya zama babban likita mai koyar da waɗansu. Ta biyu, ya kama aiki da gwamnatin jiha, a tura shi babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Ta uku, ya shiga aikin kiwon lafiyar jama'a da ƙungiyoyin agaji, ko kuwa asibitin kuɗi a birni. Ta huɗu, ya haye teku, Ingila ko Saudiyya ko Amurka ko Kanada.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ta huɗun nan ita ce ta cika zukatan ɗalibai. Daga aji biyar za ka ga mutum ya sayi littattafan jarrabawar likitocin Ingila ya ɓoye ƙarƙashin matashi, yana karanta su fiye da yadda ya ke karanta ciwon ƙyanda. Ba mu kaɗai ba ne. Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda aka naɗa ministan lafiya a 2023, ya faɗa a 2024 cewa likitoci masu lasin da ke cikin Nijeriya wajen 55,000 ne, waɗanda suka bar ƙasar cikin shekara biyar kuwa sun kai 15,000 zuwa 16,000. Ragowar ma sun fi taruwa a Ikko da Abuja da manyan birane. In haka abin ya ke ga ƙasa duka, sai ku auna abin da zai saura wa Zurmi.

Ba kuwa za mu zagi masu tafiya ba, gama ruwa ba ya tsami banza. Likitan da aka tura ƙaramin asibiti sau da yawa shi kaɗai ne, ko su biyu, shi ne na dare shi ne na rana. A kawo mai naƙuda tana zubar da jini, babu jini a ajiye, babu wuta, a yi fiɗa da tocila. Albashi bai kai ya riƙe iyaye da ƙanne goma da suka zuba masa ido ba. Babu babba kusa da zai tambaya in abu ya cije, ilminsa kuma yana tsufa, sa'o'insa na asibitin koyarwa suna wuce shi. Bisa ga wannan duka ga tsoron a zo a ɗauke shi da dare. Wanda ya auna wannan ya ce ba zai iya ba, ba ragon mutum ba ne.

HALIN GIDA

Amma a sa ɗaya gefen ma a ma'auni. A ƙarshen 2016 annobar sanƙarau ta ɓulla a ƙasar Zurmi, daga nan ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da waɗansu jihohi. Kafin ta lafa a 2017 an ƙidaya fiye da mutum 14,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Allurar rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce, wannan kuwa nau'in C ne, ba a kuwa sanin nau'i sai an ɗebi ruwan laka daga bayan majiyyaci an kai ɗakin awo. Aikin nan ɗalibin aji shida ya kamata ya iya shi. Duk makon da aka yi babu mai ɗiba, babu mai kai rahoto, mako ne da cutar ta samu kyauta.

Haka kuma a 2010, can ƙasar Anka da Bukkuyum, yara suka yi ta mutuwa da jijjiga, mutane suna zaton zazzaɓi ne ko iska. Sai da ma'aikatan ƙungiyar nan ta likitoci na-gari-na-kowa, wadda a ke kira MSF, suka lura da yawan mutuwar, aka auna jini, aka tarar gubar dalma ce daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Yara wajen 400 suka tafi. Abin da ya buɗe asirin cutar nan ido ne na mai ilmi da ya ke wurin.

A watan Yuni na 2024 ƙungiyar nan da ma'aikatar lafiya ta jiha suka auna damtsen yara fiye da 97,000 a ƙasar Shinkafi da Zurmi, aka sami fiye da ɗaya cikin huɗu suna da tamowa. Abincin da a ke warkar da su da shi kuwa gyaɗa ce aka niƙa da madara da sukari da mai, aka zuba a 'yar leda. Gyaɗar da jirgi ya ke kwasa daga Kaura zamanin kakanninmu, ita ce ta komo mana a matsayin magani. Muna godiya ga baƙin da suka bar ƙasashensu suka zo suka tsaya a asibitocin Shinkafi da Zurmi tare da ma'aikata 'yan ƙasa, Allah ya saka musu. Amma baƙo raɓa ne, ran da kuɗin ƙungiyarsa ya ƙare ko aka kira shi wata ƙasa, zai tafi. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke yoyo. Abin kunya ne a ce mutumin Faransa ya san hanyar Zurmi, ɗan Zurmi kuwa hanyar Landan ya ke tambaya.

IGIYA KO YARJEJENIYA

Waɗansu manya sun ce maganin abin shi ne a ɗaure mu. A watan Afrilu na 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Ikko ya kawo ƙudurin cewa kada a ba likita cikakken lasin sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, likitoci suka yi ca a kansa, bai kuwa zama doka ba. Mu ma ba mu goyi bayansa ba. Dalili kuwa, ko an hana mutum fita Nijeriya ba a kai shi Shinkafi ba, Abuja zai zauna yana ƙirga kwanaki. Likitan da aka riƙe da ƙarfi jikinsa ne a asibiti, zuciyarsa tana filin jirgi, majiyyaci kuwa ya kan gane.

Akwai ƙasar da ta sha irin wahalarmu ta sami sauƙi, ita ce Tailan ta Asiya. Likitocinta sun yi ta gudu Amurka, sai gwamnati ta sa sharaɗi ga mai shiga makarantar likita cewa in ya gama zai yi wa hukuma aiki shekara uku, mutum ya san wannan tun kafin ya shiga. Ba ta tsaya nan ba, ta gina asibitoci a gundumomi, ta yi wa likitoci gidaje, ta ƙara wa na karkara kuɗi. A 1994 kuma ta fara wani shiri na ɗibar 'ya'yan karkara, a koyar da su a asibitocin lardi, su koma yankinsu su yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin shawarwarin da ta fitar a 2010, ta ce ɗalibin da ya tashi a karkara ya fi kowa yiwuwar komawa karkara aiki. Watau mu ɗin nan da muka fito daga Ɗan Isa da makamantanta, mu ne irin da a ke nema. In mu ba mu koma ba, kada a sa rai ɗan birni zai koma.

SHAWARARMU

Da farko ga 'yan'uwanmu ɗalibai. Mu koyi aikin ƙaramin asibiti tun muna nan. Asibitin koyarwa yana da na'urori da manya a kowane lungu, wanda ya saba da jingina gare su in an ajiye shi shi kaɗai sai hannunsa ya yi rawa. Kada ɗayanmu ya karɓi takardar gamawa sai ya tabbata ya iya ɗibar ruwan laka, ya iya sa wa jariri ƙarin ruwa, ya iya tsai da jinin mai haihuwa da jijjigar mai ciki, ya san yadda a ke farfaɗo da mai tamowa a hankali ba tare da an ɗura masa abin da zai kashe shi ba. A shekarar sanin makamar aiki kuma ya nace sai ya iya fiɗar ciro jariri. In dare ya yi a ɗakin haihuwa kada mu sa hannu a littafi mu sulale, nan ne ilmin ya ke.

Na biyu, mu koyi likitanci da Hausa. Abin mamaki ne, ɗalibi ya bayyana ciwon sukari da Turanci shafi uku, a ce ya gaya wa kawunsa sai ya kama in'ina. Mu san abin da mutanenmu su ke nufi in sun ce shawara, ko rana, ko sanyi, ko daji, gama kowace kalma cikin waɗannan tana ɗauke da cututtuka da yawa. Mu girmama ungozoma da wanzami da maɗori, domin su a ke fara kira kafin mu. Ba a hana yankan gishiri ko cire beli da tsawa. Wanda ya zauna da su ya kira su Inna da Baba, ya nuna musu alamar da in sun gani za su aiko maza, ya fi ceton rai bisa ga wanda ya kira su jahilai.

Na uku, mu tafi tare. Abin da ke karya likitan karkara kaɗaici ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In 'yan aji ɗaya uku ko huɗu suka nemi a tura su asibiti guda, sai a raba kwana, wani ya huta, wani ya yi karatun jarrabawar ƙwarewa, a yi shawara a kan majiyyaci. Shekara biyu ko uku mu ke nufi, ba mu ce har abada ba. Ba mu kuma ce wani ya tafi ya kwana shi kaɗai a ɗakin shan magani na ƙauyen da ba a kwana da ido biyu rufe ba. Rai ba a wasa da shi. A fara da manyan asibitocin Kaura da Shinkafi da Zurmi, daga nan a riƙa leƙa ƙauyuka gwargwadon yadda hanya ta yi kyau.

Na huɗu, 'yan'uwanmu mata. Sau nawa mace ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaka don maigida ba ya son namiji ya duba ta, ƙarshe jariri ya mutu, ita kuwa ta tashi da yoyon fitsari? Likita mace ɗaya a Shinkafi za ta shiga inda mu goma ba mu shiga. Saboda haka in mun je hutu mu shiga makarantun sakandare na garuruwanmu, na maza da na mata, mu gaya wa ƙannenmu darussan da a ke bukata, mu kuma zauna da iyaye mu roƙe su su bar 'ya'ya mata su ƙarasa.

Ga malamanmu kuwa, Allah ya ƙara muku girma, roƙonmu kaɗan ne. Ɗalibi abin da a ke tambaya a jarrabawa shi ya ke karantawa. In kun ba tamowa da sanƙarau da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro nauyin da su ke da shi a maƙabartun ƙasarmu, mu ma za mu ba su. Ku tsawaita zaman da mu ke yi a asibitocin karkara inda akwai kwanciyar hankali, ku riƙa zuwa da kanku kuna duba mu. In kuma yaranku sun tafi can aiki, ku bar musu lambar wayarku, ku ɗauka in sun kira da tsakar dare. Kada kuma a ji daga bakin malami cewa wane ya lalace a ƙauye.

Ga hukuma, ga namu sharuɗɗan a fili. A tsare asibiti da gidan likita. A sa wuta mai aiki da hasken rana a ɗakin fiɗa da ɗakin haihuwa, a ajiye jini. A biya albashi kan kari, a fifita na Zurmi bisa na Gusau, gama wahalarsu ba ɗaya ba ce. Wanda ya cika shekarunsa a sake shi ya tafi karatun ƙwarewa da albashinsa, a sa shi gaba a layi. In za a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta bisa sharaɗin ya yi wa jiha aiki, a rubuta a fili tun farko, kowa ya cika nasa. Hukumar da ba ta biya kuɗin a kan lokaci ba, ba ta da bakin tambayar ina ɗalibin ya tafi.

Masu niyyar ƙetare kuwa, ba mu ce kada ku je ba. Kakanninmu fatake ne, sun je Gwanja sun je Tarabulus, amma ba a kiran mutum falke sai ya komo da kaya. Shi kansa ministan da muka ambata a Zariya ya yi karatun likita, ya yi shekaru a Amurka, ya komo. Ku ba gida shekarunsa tukuna, sa'an nan ku tafi ku ƙaro ilmi, za ku ma fi sanin abin da ya kamata ku koyo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kada kuma wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Kakanninmu sun ga agana tana share gari, a 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya. Iyayenmu sun sha kurkunu, a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Mu da kanmu mun tashi da abokan wasa da shan inna ya naƙasa, a 2020 aka ce ƙwayarsa ta asali ta ƙare a Afirka. Duk waɗannan mutane ne suka yi su, da ƙafa, gida gida, da yawansu ma ba su kai mu karatu ba.

Yaron nan na Ɗan Isa, an aiko mana ya warke, har yana bin awaki da gudu. Tsohuwar kuwa tana nan tana jiran amsa, hutu kuma ya kusa. Mu dai mun yi shawara, mun rubuta sunayenmu a takarda guda, mun ajiye wurin babbanmu na aji shida, cewa in Allah ya kai mu za mu nemi a tura mu gida tare. Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, ɗalibi ko malami, muna roƙo ya rubuto wa Edita a fitowa ta gaba, mu ji, mu ƙaru. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.

Haza wassalam. Mu ne naku,
Ɗaliban likita 'yan ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.